Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magadan Garin Biranen Tarihi: Kun Bar Jaki Kuna Dukan Taiki

Zuwa ga magadan gari da 'yan majalisun tsofaffin biranen da duniya ke tururuwar zuwa kallo,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, ko da yake na san teburanku cike suke da takardun da suka fi wannan nauyi. Ni ba masanin tarihi ba ne, ba kuma ɗan kwangila ba. Mutum ne ni mai son gini da zane, wanda Allah ya nufa ya taka wasu daga cikin biranenku da ƙafarsa, sauran kuma ya bi labarinsu a karatu. Na haɗa ku a wasiƙa ɗaya ne don na lura ciwonku iri ɗaya ne, maganin da kuke sha ma iri ɗaya, kuma har yau bai karɓe ku ba.

A wani birni daga cikin naku, wanda ba zan kama sunansa ba, na fito da sassafe na tarar da ma'aikata biyu da bokitin farin fenti suna shafe wani zane a jikin wani rufaffen shago. Wata tsohuwa aka zana, riƙe da jakar cefane, ta tsura wa wata ƙofa ido. A jikin ƙofar an zana ɗan akwatin nan mai lambobi da ake ajiye makulli a ciki, irin na gidajen da ake ba baƙi haya na kwana biyu zuwa uku. Kafin minti goma tsohuwa ta ɓace. Taku ashirin daga wurin kuwa shagunan tsaraba ne jere reras, sun zubo kaya har kan hanya: hulunan roba, maganaɗisun manna wa firji, da hasumiyar birnin a cikin ƙwallon gilashi da ake girgizawa ƙanƙarar ƙarya ta zubo mata. Na ɗauki ɗaya na juya bayansa, sai ga sunan ƙasar da aka ƙera shi, can wata nahiya. Duk waɗannan shaguna da lasisinsu a rataye. Tsohuwar bango ce kaɗai ba ta da takarda.

Jamusawa suna da kalmar da suke kiran irin wannan kaya da ita, kitsch, wadda ta fito daga bakin dillalan zane na birnin Munich a ƙarni na 19, duniya kuma ta ara. Mu ba mu da buƙatar aro, ƙyal-ƙyal banza muke cewa. Kada kuma ku ɗauka araha ce ke sa abu ya shiga wannan sahu. Akwai ƙyal-ƙyal banza na miliyoyi. Alamarsa ita ce an yi shi don idon baƙo kaɗai, yana mayar masa da hoton da ya riga ya taho da shi a ransa, ba ya ƙara masa komai, ba ya tada masa hankali, ba ya kuma tambayarsa komai. Ɗan gari ba ya sayensa, ba ya ko kallonsa.

Ku dubi Berona ta Italiya. Gidan da ake kira na Juliyet tsohon gini ne na gaske mai ɗaruruwan shekaru, birnin ya saye shi a 1905. Amma Juliyet ɗin ba ta taɓa shaƙar iskar duniya ba, a wasan kwaikwayon Shakespeare take zaune, barandar benen da masoya ke bin layi su hau kuwa a ƙarshen shekarun 1930 aka maƙala ta. Wato an ɗauki ginin gaskiya an ɗaura masa labarin ƙarya, labarin kuma ya haɗiye ginin. A Firag, babban birnin ƙasar Czech, abin ya fi ciwo. Shekara da shekaru shagunan tsakiyar birnin suna sayar da 'yar tsanar katako ta Rasha, mai 'ya a cikin uwa, da hulunan gashi masu jan tauraron sojan Sobiyet, a birnin da tankokin Sobiyet suka murƙushe a watan Agustan 1968. Baƙo ya saya ya koma gida yana cewa ga tsarabar Firag. Wanda mahaifinsa ya tsaya a gaban waɗancan tankoki yana wucewa ta ƙofar shagon kullum.

Wannan na 'yan kasuwa ne, za ku ce. To ga na hukuma. Birnin Skopje na Masedoniya ta Arewa girgizar ƙasa ta rushe mafi yawansa a 1963, aka sake gina shi da salon zamaninsa, har da hannun shahararren mai tsara gine-ginen nan na Japan, Kenzo Tange. Sai a 2010 gwamnatin ƙasar ta fito da wani shiri na yi wa birnin tsufan dole. Aka cika tsakiyarsa da mutum-mutumi, babbansu wani jarumi a kan doki da aka kafa a 2011, wanda kowa ya san Alekzanda Mai Girma ake nufi. Aka bi gine-ginen kankare aka lulluɓe su da ginshiƙai irin na tsohuwar Girka, fuska ta shekara dubu biyu, ciki na jiya-jiya. A 2016 da mutanen birnin suka fito zanga-zanga, abin da suka ɗauka shi ne fenti kala-kala, suka yi ta jifan waɗannan sababbin tsofaffin gine-gine da shi. Ban taɓa jin inda ƙyal-ƙyal banza da fentin titi suka yi gaba da gaba a fili kamar nan ba, kuma in aka tambaye ni wanne ya fi faɗar gaskiyar wancan lokaci, ba sai na yi dogon tunani ba.

Kada wani ya ce na tsani duk ginin da aka sake tayarwa. Tsohon birnin Warso na Polan sojojin Jamus sun ragargaza fiye da kashi 85 cikin 100 nasa a 1944. Mutanen garin suka tayar da shi daga ɓaraguzai, suna duba tsofaffin hotuna da zane-zanen da Bernardo Bellotto ya yi a ƙarni na 18, har hukumar UNESCO ta saka shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1980. Bambancinsa da na Skopje a bayyane yake. Waɗanda aka yi wa rashin su suka gina, don kansu suka gina, ba su kuma ɓoye wa kowa cewa sabon gini ne a kan tsohon rauni ba. Haka nan ba na tsoron sabon gini a tsohon gari. Ginin nan na Firag da ake kira Gida Mai Rawa, na Vlado Milunić da Frank Gehry, an kammala shi a 1996 a filin da bam ya faɗa a 1945. An yi ta cece-kuce a kansa, wasu har gobe ba sa ƙaunarsa, amma bai yi wa kowa ƙaryar shekaru ba. Yarjejeniyar kula da gine-ginen tarihi da masana suka tsara a birnin Benis na Italiya a 1964 abin da ta nema ke nan, cewa duk ƙarin da ya zama dole a yi wa tsohon gini ya fito da alamar zamaninsa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda kuke sa wa hannu ba a ji ba a gani, wato a kwashe cikin gini kaf, da matattakalarsa da rufinsa da tsakar gidansa, a bar fuskar da ke kallon titi a tokare da ƙarafa, a gina otal a bayanta. A hoton baƙo gidan yana nan. A gaskiya an binne shi, fatarsa kawai aka shanya.

Yanzu bari in zo kan masu fenti, in fara da ba ku gaskiyarku. Tsohon dutse yana shan fenti kamar yadda ƙasa ke shan ruwa, musamman mai laushi irin na farar ƙasa da na yashi. Wankewar ma ɓarna ce, domin sinadari ko ruwa mai ƙarfi ba sa fita sai da ɓawon dutsen, kuma wannan ɓawo ba ya sake tsirowa. Wanda ya fesa sunansa a jikin irin wannan gini ba mai zane ba ne, maɓarnaci ne, ku hukunta shi ina bayanku. Italiya ta yi doka a 2024 mai tarar da ta kai yuro 60,000, ban ga laifinta ba. Sai dai ku lura da su waye suka fi yin suna a wannan ta'asa. Wanda ya kankare sunansa da na budurwarsa a bangon Kolosiyam, tsohon dandalin wasanni na birnin Rum, a 2023 ɗan yawon buɗe ido ne. Waɗanda suka fesa wa gadar Charles ta Firag fenti a 2019, gadar da aka aza harsashinta a 1357, baƙi ne. Kwaɗunan soyayya da aka yi ta kullewa a gadar Pont des Arts ta Faris har wani sashe na shingenta ya rufta a 2014, aka kwashe kimanin tan 45 a shekarar da ta biyo, ba 'yan unguwa ne suka rataya su ba. Baƙonku da kuke shimfiɗa wa darduma shi ne sau da yawa ke zuwa da wuƙar kankara a aljihu.

Rubutun bango kuwa sa'an birni ne, tare aka haife su. A Pompei, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an tono dubban rubuce-rubuce a bangaye, daga tallan ɗan takara zuwa kukan masoyi zuwa zagin maƙwabci, kuma ta bakinsu muke jin muryar talakan garin da manyan littattafai suka manta. A benen Aya Sofiya, tsohon ginin ibadar nan na Istanbul, akwai inda wani mutumin arewacin Turai ya kankare sunansa, Halfdan, a jikin marmara, kimanin shekara dubu da suka wuce. Da a yau ya yi da ya kwana a hannu. Yanzu masu yi wa baƙi jagora da alfahari suke nuna wurin. Ba ina cewa ku bar kowa ya yi abin da ya ga dama don wata rana zai zama tarihi ba ne. Tunatar da ku kawai nake yi cewa layin da ke tsakanin ɓarna da gado ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, ya kamata mai riƙe da bokitin farin fenti ya riƙa ɗan jinkirtawa.

Labarin bangon Lennon na Firag ya isa darasi, shi ya sa zan ɗan zauna a kansa. Bayan kisan mawaƙi John Lennon a watan Disambar 1980, matasa suka fara zana hotonsa da kalaman neman 'yanci a wani bango na unguwar Malá Strana. Hukumar kwaminisanci ta shafe, suka dawo da dare suka sake, ta shafe, suka sake, har mulkin ya faɗi a 1989 bango yana nan yana magana. Daga nan sai ya shiga littattafan jagoran baƙi. Motoci suka riƙa sauke jama'a, kowa ya zo da alƙalaminsa ya rubuta sunansa da ranar zuwansa, wasu a buge, wasu da batsa. A watan Nuwambar 2014 wasu ɗaliban zane suka shafe shi fari fat suka bar jimla ɗaya mai cewa bango ya ƙare. A 2019 masu bangon suka gyara shi, suka kira masu zane suka ƙawata shi, aka hana feshin fenti, aka kafa kyamarori. Ban zarge su ba, an kai su maƙura ne. Amma ku duba, abin da 'yan sandan ciki suka shekara tara suna fama ba su kashe ba, motar 'yan yawon buɗe ido ta kashe shi cikin ruwan sanyi.

Ga kuma halinku da ya fi ba ni mamaki. Zanen da ba a san mai shi ba laifi ne, ranar da ya yi kuɗi kuma sai ya zama dukiyar al'umma. A watan Mayun 2019 aka wayi gari da zanen Banksy, shahararren mai zanen bangon nan, a jikin wani tsohon gida a bakin ruwa a Benis, yaro ɗan gudun hijira sanye da rigar ceto, ya ɗaga tartsatsin neman agaji. Mai zanen ya sa shi dab da ruwa, inda gishiri da laima za su cinye shi sannu a hankali, kamar yadda teku ke cin irin waɗannan yara. Da ya fara dusashewa sai manya suka tashi haiƙan sai an ceto shi, har da kuɗin wani banki. A Bolonya ta Italiya kuwa, a farkon 2016, kotu ta ci wata mai zanen bango tarar yuro 800, a daidai lokacin da ake ɓamɓaro zane-zane daga bangayen birnin don baje su a gidan kallo mai kuɗin shiga. Mai zanen nan da ake kira Blu bai yi dogon surutu ba. A watan Maris ya fito da abokansa da fenti ruwan toka, suka bi ayyukan da ya shafe kusan shekara ashirin yana yi a birnin suka share su. Ya gwammace ya binne su da hannunsa da ya ga an saka su a keji.

Wani abin kuma, zanen bango shi ma yana iya rikiɗewa ya koma ƙyal-ƙyal banza, kuma galibi da hannunku yake rikiɗewa. A George Town ta tsibirin Penang a Maleshiya, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2008, Ernest Zacharevic ya zana yara biyu a kan keken gaske da aka jingina a bango a 2012. Aiki ne mai kyau da daɗin kallo. Cikin 'yan shekaru layin ya cika da masu jiran ɗaukar hoto, shagunan tsaraba suka maye gurbin mazauna, har shi kansa mai zanen ya fito a 2019 yana kokawa da abin da aikinsa ya jawo wa unguwar. Yanzu duk garin da ka shiga sai ka tarar da fukafukan da aka zana don mutum ya tsaya tsakiya a ɗauke shi, ko layin da aka rufe da laimomi masu launi. An ba da kwangilarsu, an biya, ba su ɓata wa kowa rai ba, ba su kuma ce komai ba. Maganaɗisun firji ne mai girman bango.

Akwai waɗanda suka kama hanya, ya kamata a faɗa. A Asila ta Maroko tun 1978 ake bikin da masu zane ke yi wa fararen bangayen tsohon garin ado, in shekara ta zagayo a shafe a sake sabo, ba wanda ke kuka don kowa ya san zanen baƙo ne, bangon ne ɗan gida. Lisbon ta buɗe ofishin kula da zanen titi a 2008, yana ware bangaye yana zama da masu zanen a maimakon farautarsu. Abin da nake roƙo bai wuce irin wannan ba. Kowane tsohon birni yana da bangayen siminti, da katangun wuraren gini, da ƙofofin ƙarfe na shaguna, da ƙarƙashin gadojin zamani, waɗanda fenti ba zai cuce su ba. Ku fitar da taswira ƙarara, nan haramun ne har abada, nan kuwa halal. Inda kuka halatta kada ku nemi a kawo muku zanen ku tace shi tukuna, don ranar da kuka fara tacewa fukafukai kawai za ku samu. Ku kuma ƙyale zane ya tsufa ya mutu. Su kuma shagunan tsaraba, ku tilasta a rubuta inda aka ƙera kowane kaya a inda ido zai gani, ku sassauta wa mai sana'ar hannu na gaske kuɗin haya. Gilashin da ake ƙerawa a tsibirin Murano na Benis yana da tambarin shaida da yankin Veneto ya kafa masa da doka tun 1994, Benis kuma ta taƙaita buɗe shagunan tarkace a 2022. Ashe in an so ana iyawa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, ranku ya daɗe, kun kuma fi ni sani. Tsohon birnin Benis yana da mutum kusan 175,000 a 1951. A 2022 adadin ya faɗo ƙasa da 50,000, a 2023 kuma gadajen kwanan baƙi suka zarce yawan mazauna. Akwai wani kantin magani kusa da gadar Rialto da ya kafa allon lantarki a tagarsa yana nuna adadin 'yan garin da suka rage, mutane suna wucewa suna duba shi kamar ma'aunin zazzaɓi. Idan iyali suka tashi, mai sayar da zare da allura ya rasa ciniki, mai gyaran takalmi ya rufe, makaranta ta rage aji, shagon da ya faɗi kuwa mai tarkace ne kaɗai ke iya biyan hayarsa. Ƙyal-ƙyal banza ba shi ya kori mutane ba, kangon da suka bari ya samu ya tsiro a ciki. Yuro 5 da Benis ta fara karɓa daga masu zuwa yini ɗaya a watan Afrilun 2024 ba zai dawo da ko yaro ɗaya aji ba, ya ma ƙara wa garin kama da wurin da ake yankar tikiti. Na fi ganin alamar gaske a abin da Barcelona ta shelanta a 2024, cewa lasisin gidajen hayar baƙi kimanin 10,000 ba za a sabunta su ba bayan 2028, da kuma matakin Florence na 2025 na hana rataya akwatunan makulli a tsakiyar birnin, irin wanda tsohuwar nan ta tsura wa ido kafin a shafe ta.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na san baƙin nan su ke ciyar da dubban gidaje a garuruwanku, ni kaina baƙo na je, na kuma ƙara wa layi tsawo. Roƙona na ƙarshe ƙarami ne, ba ya cin kasafi. Nan gaba in aka kawo muku rahoton zane a wani bangon da ba na tarihi ba, kafin ku tura masu bokiti, ku tura mutum ɗaya ya bi layin yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar masu gidajen, a bari ko a shafe, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da suka ce shi za a yi. Idan kuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa goma bai samu wanda ya amsa da harshen garin ba, to a mayar da bokitin sito, ku kira zaman majalisa a kan gidaje.

Ku huta lafiya.

Naku,
wani mai son tsofaffin birane da mutanen cikinsu